Matasa Sittin da Uku

Kogin Kiseve ba ya gudu sai sati uku a shekara, wata shekarar ma biyu, amma bai taɓa barin mutanen Kwa Muvea da ƙishirwa ba. Ruwan na nan kwance a ƙarƙashin yashi. Mace ta durƙusa ta tona da ɓarin ƙwarya, kamu biyu ko uku, ta ɗan jira, sai ga shi yana tsatsowa, mai sanyi, ya riga ya tace kansa. Kowane gida da raminsa, a kewaye da ƙaya saboda shanu. Na wata tsohuwa, Susu Mbeke, yana gwiwar kogi, gindin wani tsohon ɓaure, kuma ko a shekarar farin da jakuna suka riƙa faɗuwa a hanya bai ƙafe ba. Gida tara suka sha daga gare shi a wannan shekarar.

Jikarta Kanini ce ta fara ganin takardar. An manna ta a ƙofar ofishin Cif, can ƙasa inda akuya za ta iya kaiwa, da Turanci da ƙananan baƙaƙe: ranar Alhamis da ƙarfe goma za a yi baraza, wato taron gari, don jin ra'ayin jama'a, wani kamfani na neman izinin ɗibar yashi a Kiseve, daga gada har gwiwar kogi. Alhamis da hantsi, lokacin da duk mai ƙarfi a jika yana gona ko yana neman abin sawa a baka. Wanda ya zaɓi wannan lokacin ya san garin sarai, domin barazar Kwa Muvea ba ta wuce tsofaffi goma sha biyu a kan benci, rabinsu na gyangyaɗi.

Kanini na da shekara ashirin da uku. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau wanda bai kai ta ko'ina ba, tana taya mahaifiyarta sayar da tumatir da albasa a bakin titi. Wata biyu kafin nan wata ƙungiya ta kwashe su zuwa birni, su ashirin daga ƙauyuka daban-daban, aka yi kwana uku ana koya musu cewa ƙasa tasu ce, doka ta hana a yanke wa jama'a hukunci ba tare da an ji ta bakinsu ba, kuma laifin matasa ɗaya ne tak, ba sa zuwa inda ake magana. Sauran sun dawo da riga mai rubutu a baya da labarin abincin otal. Ita kuwa ta dawo da maganar a ranta, ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, irin yardar da ke sa ka ji tausayin mutum tun kafin komai ya same shi.

Da ta gama karanta takardar, majalisar 'yan acaɓa ta nufa kai tsaye, ƙarƙashin bishiyar da ke mahaɗar titi.

"Ga Madam Tsarin Mulki nan," in ji Ndolo, wanda suka yi aji ɗaya da ita, kuma shi ne mai baki a majalisar. "Ku gyara zama. Yau sashe na nawa za a karanta mana?"

"Sashen da ya ce za a kwashe yashin Kiseve, kana nan zaune kana goge madubin babur ɗin da ba naka ba."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ta same shi a ido.

"To a kwashe mana," in ji Ndolo. "Yashi nake ci?"

"Ruwan da ka wanke fuska da shi yau, daga ina ƙanwarka ta ɗebo shi?"

"In ma ya wanke," wani ya jefa daga baya.

Ndolo ya bar dariyar ta lafa, sannan ya dube ta sosai. "Kanini, bari in gaya miki gaskiya. Takardar nan da kika gani, an gama maganar tun kafin a buga ta. Barazar ta shan soda ce kawai."

"An gama ne saboda ba ma zuwa. In suka tarar da tsofaffi goma sha biyu suna barci, me zai hana su? Amma su ɗaga ido su ga matasa hamsin, kowa na cewa a'a, wa zai iya komawa ya rubuta cewa mun ce e?"

Can wani ya tambaya, a hankali, ko sodar, wato lemon kwalbar, mai sanyi ce.

Kwana tara ta yi tana yawo. Ta je wurin mawaƙan coci bayan sun gama gwaji, ta je filin ƙwallo ta tsaya har aka tashi, ta shiga shagon kitso, ta bi 'yan mata zuwa kogi tana taya su ɗora jarkoki a kan jakuna tana yi musu bayani. Wasu sun yi mata alkawari don ta ƙyale su. Wasu sun ce sai dai in Ndolo zai je, shi kuma Ndolo ya ce zai je ne kawai don ya ga idonta lokacin da za ta sha kunya. Takalminta ya tsinke a rana ta shida, ta ɗaure shi da igiyar buhu ta ci gaba. Ranar Laraba da yamma ta durƙusa gaban kakarta ta ce, "Susu, ke ma sai kin zo. Raminki ne ƙarshen abin da suke nema." Tsohuwar ta ce ita ba ta son taron da ake zuwa da mota, amma ta ɗauko mayafinta na zuwa coci ta rataya a ƙofa.

Ranar Alhamis bencina ba su isa ba. Aka ɗauko na makaranta, su ma ba su isa ba, samari suka jera baburansu suka zauna a kai. Cif Mulatya, mai shekara ashirin yana kiran baraza, ya fito daga ofis ya tsaya yana kallon jama'a kamar wanda ya yi ɓatan hanya. Kanini ta ƙirga sau biyu don kada ta yi wa kanta ƙarya. Matasa sittin da uku, ban da dattawa da iyaye mata.

Mutumin kamfanin ya iso da farar mota, da akwatunan soda da burodi a baya. Bwana Kimeu sunansa, shi ne mai rubuta rahoton da za a kai ofishin da ke ba da izini. Yana jin yaren garin, sai dai harshensa ya sha birni. Da ya ga taron ya washe baki har kunne, Kanini ta ɗauka dariyar yaƙe ce, ta ce a ranta, yau ka gamu da mu.

A Kwa Muvea akwai abin da ko yaro ya sani. In an zo raba irin masara, sai ka rubuta suna. In an zo da abincin agaji lokacin fari, sai ka rubuta suna. Gidan sauro, allurar shanu, maganin tsutsar ciki, duk haka ne, wanda sunansa ba ya kan takarda tamkar bai zo ba, kuma babu rabonsa. Shekara da shekaru wannan ya zauna a jikin mutane, har ya zama hannu na kaiwa ga biro tun kafin mazaunai su kai ga benci. Saboda haka da Bwana Kimeu ya ɗago takardu ya ce a fara da rajistar halarta kafin a raba soda, babu wanda ya ga wani abu a ciki. Biro biyu kawai ya zo da su, layi ya yi tsawo, rana na ƙara zafi. Kanini ta ji tsoron kada mutanenta su gaji su watse, kuma tana son duniya ta san yawansu. Ita da kanta ta karɓi takardun. Ta bi benci-benci tana rubuta suna da lambar katin shaida da kyakkyawan rubutunta, tana miƙa biro a sa hannu. Nata sunan ne na ɗaya. Da ta zo kan Susu Mbeke, ta kama babban yatsan tsohuwar ta shafa masa tawada ta dangwala mata.

Daga nan aka buɗe fili, kuma wallahi sun yi magana. Mai shagon kitso ta ba da labarin ƙauyen mijin yayarta, inda aka kwashe yashi har kogi ya zama dutse tsirara, yanzu mata na tafiyar awa uku neman ruwa. Wani malamin firamare ya tambaya ina za a samu ruwan dafa wa ɗalibai abinci. Susu Mbeke ba ta tashi ba, daga zaune ta ce ita ta tarar da ramin nan a hannun uwar mijinta, kuma ba ta ga wanda ya isa ta sayar masa ba. Amma wanda ya girgiza wurin shi ne Ndolo, wanda ya zo kallon kunya.

"Bwana," ya ce, "a gidanka in ka murɗa famfo ruwa ke zuwa, ko? To mu famfonmu shi ne yashin nan. Tankinmu ne, matatarmu ce. Ka zo kana tambayarmu ko mun yarda ka kwance mana famfo ka kai Nairobi a gina bene da shi. In ni na zo gidanka da guduma na ce ina neman ra'ayinka kan famfonka, soda za ka ba ni?"

Aka yi tafi har tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Mutum goma sha tara suka yi magana a ranar, ba ko ɗaya da ya ce ya yarda. Bwana Kimeu na ta gyaɗa kai yana rubutu a littafinsa, yana cewa, "Magana mai kyau, na rubuta." Shi kaɗai ke rubutu a duk filin. Kanini ta nemi a ɗaga hannu a ƙirga masu ƙi, ya ce cikin ladabi ai ba zaɓe suka zo yi ba, ra'ayi suka zo ji, kuma sun ji shi raɗau. Ya roƙi a tsaya a yi hoto don tarihi. Suka taru, kowa da kwalbar soda a hannu, Ndolo ya faɗi wata maganar banza daidai lokacin da za a ɗauka, duk aka fito ana dariya.

Sati shida Kanini ta yi tana tafiya kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Dattawa na gaishe ta da suna. Matar da ta koyar da su a birni ta buga waya ta ce a duk waɗanda aka horar babu wanda ya tara ko rabin abin da ta tara. A sati na bakwai, wata safiyar Litinin, tana jera tumatir a kan tebur, tifa ta farko ta wuce ta gabanta ta karya ta gangaren gada. Wasu uku suka biyo ta.

Cif Mulatya bai yi mata wahala ba. Ya ce ta zauna, ya jawo aljihun tebur ya ciro rahoton, mai kauri, an yi masa bango mai sheƙi, ya buɗe mata shafin da take nema kamar ya san ranar za ta zo. Ta karanta da yatsa a kan layi. An gudanar da taro mai armashi, in ji rahoton, wanda ya samu halartar da ba a taɓa gani ba a yankin, har da matasa sittin da uku. An saurari damuwar jama'a game da ruwa, an kuma ba su gamsassun amsoshi. Al'umma na maraba da aikin saboda zai samar wa matasa abin yi. A duba jerin sunaye da hoto a ƙarshe. Ta juya zuwa ƙarshen. Ga rubutunta nan shafi biyar, tsaf-tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Ga su nan kuma a hoto, baki har kunne.

"Mzee, ai ƙarya ce," ta ce wa dattijon. "Kana wurin. Ka ji abin da muka ce."

"Na ji."

"To ka faɗa musu mana."

"Wa ya tambaye ni?" Ya cire tabarau ya murza idanu. "'Yata, ki nuna mini ƙarya ɗaya a takardar sunayen nan. Ba ku zo ba? Ba ku sa hannu ba? Abin da kuka faɗa kuwa, a ina yake a rubuce, in ba a littafinsa ba?" Sannan ya ƙara abin da ya fi kyau a ce ya bar shi a cikinsa. "Shekara biyu da suka wuce sun nema. Tsofaffi takwas suka zo, ofishin ya mayar da takardun ya ce ba a ji ta bakin jama'a yadda ya kamata ba, musamman matasa. Wannan karon babu abin da za su ce ya rage."

Ba ta tuna yadda ta fito ba. Abin da ta sani shi ne ta tsinci kanta a bayan ofishin, ta dafa bango. Baƙin cikin ba na an cuce ta ba ne kawai. Da a ce ta zauna wurin tumatirinta ta kama bakinta, da yashin na nan.

Duk da haka ba ta kwanta ba, don ba ta iya ba. Ta hau mota ta tafi birni, ta yini a kan benci a ofishin da ya ba da izinin, har wata ma'aikaciya mai furfura ta ji tausayinta ta kira ta gefe. Akwai hanyar koke, in ji matar, amma wa'adin ya kusa, saura kwana goma sha ɗaya. Ta rubuta abin da aka faɗa a taron dalla-dalla, sannan waɗanda suka halarta su sa hannu cewa haka aka yi, da suna da lambar katin shaida. "In kika kawo mini mutum biyar a kan mutum ɗari da ke wancan rahoton, kin san inda za a ajiye taki," ta ce. "Ki nemo su duka in za ki iya. Ai an ce ke ce kika tara su."

Ta dawo da ƙarfin gwiwa kaɗan. Ta rubuta koken shafi biyu, ta ja layi a fararen takardu, ta sa lamba daga ɗaya zuwa ɗari, ta fita da biro uku.

A shagon kitso aka saurare ta har ta gama. Mai shagon, wadda ta yi magana mai zafi a baraza, ba ta ɗago daga kan da take yi ba. "Kanini, ba don ke ba wallahi. Amma na rantse ba na ƙara sa hannu a takardar kowa. Mijina har yau gori yake mini."

"Wannan daban ce. Wannan tamu ce, ni na rubuta, karanta ki gani."

"Waccan ma ai ke kika rubuta."

A coci mawaƙa suka ce sai sun yi shawara. A filin ƙwallo rabin 'yan wasan ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma suka riƙa kallon ƙasa. Wata dattijuwa ta tare ta a hanya ta tambaye ta, ba da faɗa ba, ko gaskiya ne kamfanin ya yi mata alkawarin aiki a ofis. Wani dattijo kuma ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana duba ta a hasken rana, ya mayar mata ya ce, "Yau abin da ke sama ke nan. In ta isa birni wa ya san abin da za a ɗora a samanta?" Tambayar kuwa daidai take. Mutanen da suka shekara talatin suna sa hannu a kan duk abin da aka miƙo musu sun yi hankali rana ɗaya, kuma a kanta hankalin ya faɗo.

Malamin firamare ya sa hannu. Mahaifiyarta ta sa, tana cewa, "Ki sa nawa, amma ki dawo ki kama mini tebur, ƙafata ta kumbura." Da ta zo wurin Susu Mbeke ta tsaya da takardar a hannu. Tsohuwar na zaune tana tsince wake a faifai. Ta goge hannu a zani ta miƙo babban yatsanta, ba ta ko kalli takardar ba.

"Susu, bari in karanta miki tukuna."

"Bar shi. Ungo, ai kin san inda ake dangwalawa."

Da zagi ta yi mata, da ya fi sauƙi. Kwana tara suka wuce a haka, takardar na da suna huɗu, har da nata.

A rana ta goma da safe ta gangara kogi, domin ta san inda samarin filin ƙwallo suka koma. Tun daga gada ba ta gane wurin ba. Inda yashi yake shimfiɗe fari tas, yanzu dutse ne baƙi da tayoyin tifa sun yi masa zane, ga ƙayar da aka kewaye ramuka da ita an tattara an watsar a gefe. Mata na wucewa ta sama da jakuna, sun kama hanyar rijiyar burtsatsen Kwa Ndeti, tafiyar awa biyu da rabi. Can gaba tifa biyu na tsaye, samari kusan ashirin ba riga suna watsa yashi da shebur, kuma ta san kowannensu, ta san lambar da yake a jerinta. Da suka hango ta, sheburan suka rage sauri.

Ndolo ne ya fito ya tare ta, gumi na zuba, yashi ya manne masa a gira. Bai kira ta Madam Tsarin Mulki ba.

"Mai babur ya karɓe abinsa," ya ce, tun ba ta tambaya ba. "Ya ba ɗan yayarsa."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce." Ya soka shebur a yashi ya jingina da shi. "Na ji kina yawo da takarda."

Ta miƙa masa. Ya karanta duka shafi biyun, a hankali, leɓensa na motsi. Da ya zo inda ta rubuta maganarsa ta famfo da guduma, ya ɗan yi murmushi. "Haka na faɗa kuwa. Ashe na iya magana."

"Ka fi kowa. In ka sa, Ndolo, duk waɗannan za su sa. Saura gobe kawai."

Ya waiwaya ya dubi samarin, ya dubi direban tifa da ke zaune a inuwa yana kallonsu. "In sunana ya hau takardar nan, jibi wani ne zai riƙe sheburin nan. Akwai mutum talatin a bakin gada kowace safiya suna jiran wani ya yi tari. Kuma ko mun sa duka, kafin su karanta a birni, kin ga saurin da muke yi?" Ya naɗe takardar yadda ya same ta ya mayar mata da hannu biyu. "Ranar nan na yarda da ke, Kanini. Wallahi na yarda. Na koma gida ina ji kamar ni wani ne."

Ta juya za ta tafi, don ba ta son ya ga fuskarta. Ya kira ta ƙasa-ƙasa.

"Gobe da safe za mu isa gwiwa. Na roƙi a bar gindin ɓauren, an ce can ne yashin ya fi zurfi. Ki gaya wa Susu ta ɗebi abin da za ta iya yau."

Ba ta je birni ba. Ta isa gida ta sa takardar a ƙarƙashin katifa, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta rufe tebur da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka fito da duk abin da ke riƙe ruwa a gidan: jarkoki takwas, durom ɗin da ke bayan ɗaki, bahon wanki, bokitai biyu, tukunyar dafa masara da wake, butar shayi. Susu Mbeke ta ce sai ta je. Suka ɗora ta a kan amalanken da jakin maƙwabci ke ja, tare da durom.

A gwiwar kogi ana jin ƙarar tifofin kusa, amma wurin na nan yadda yake, inuwar ɓaure ta rufe ramin. Kanini ta janye ƙayar ta shiga har gwiwa, tana ɗiba da ɓarin ƙwarya tana miƙa wa mahaifiyarta, ita kuma tana zubawa ta mazurari. In ruwan ya yi ƙasa su jira ya taru. Sau uku jaki ya je gida ya dawo. Susu na zaune a kan saiwa tana cewa a bi a hankali kada a tayar da laka, kamar akwai gobe da za a lallaɓa ramin dominta.

Wajen la'asar suka cika butar shayi, ita ce ta ƙarshe. Mahaifiyar ta duba amalanke, ta duba buhunan da ke kan jaki, ta ce, "Shi ke nan, babu sauran abin zubawa."

Kanini ta fito daga ramin, zaninta a jiƙe. Suka sha da ƙwaryar, su uku, har cikinsu ya ƙi karɓa, suka ba jaki ya sha ya kau da kai. Sannan suka tsaya a bakin ramin, ba wadda ta ce a tafi. Ruwan na ta tsatsowa ta gefe-gefe, garau, yana hawa a hankali, har ya dawo daidai inda yake tsayawa kullum.